Awon Hannun Saje Markus

Keziah ba ta taɓa zaton ƙafarta za ta taka shagon gem, inda samari ke wasan talabijin, ba. Ita maɗinkiya ce, shagonta na bakin hanyar kasuwar Zuru, kuma iyakar abin da ta sani game da ɗakin Ugonna da ke tsallaken titi shi ne ihun samari da ƙarar janareta. Labule ne ya kai ta. Rana na shigowa ta taga da la'asar tana kashe hoton talabijin, samarin suka dami mai shago da mita, shi kuma ya tsallako ya ce ta ɗinka masa mai kauri. Ya ɗaga hannuwa yana kwatanta mata faɗin tagar, ta ce masa ya sauke su, ita ba ta yanka ƙyalle da kwatance. Ta rataya tef a wuya ta bi shi.

Tana tsaye kan benci tana auna saman tagar ne ta hango mijinta. Yana waje, jikin itacen dalbejiya, hannun hagunsa cikin aljihu kamar kullum, idonsa kuma ya ratsa ƙarafan tagar ya kafe a kan talabijin. Bai gan ta ba, don ƙyauren tagar ya kare ta. A cikin talabijin ɗin wasu mutum biyu na zane ne ke dambe, wani ƙato da wani tsoho mai farin gemu. Duk lokacin da ƙaton ya kawo hari sai kafaɗar Markus ta sauka kaɗan, ƙafarsa ta dama ta ja baya, leɓensa na motsi. Da aka kayar da tsohon sai ya yi tsaki, irin tsakin mutumin da ya ga an yi asarar dama a banza. Wata bakwai ke nan da dawowarsa gida, kuma yau ce ranar farko da ta ga wani abu ya dame shi har ya yi masa tsaki.

Wanda bai san Saje Markus a da ba, ba zai gane abin da ya sa tef ya kusa faɗuwa daga hannun Keziah ba. Kafin ya shiga soja ɗan kokawa ne, irin wanda ake barin tuwo a kan wuta a je kallo. Lokacin da yake noman golmo, wato noman neman aure, a gonar mahaifinta, mahaifin nata kan ce wannan yaro kunya biyu yake yi kafin wani ya gama ɗaya. Daga baya aka tura su kwantar da tarzoma a wata ƙasa, ya dawo babu babban yatsa da manuni a hannun hagu, aka sallame shi. Tun daga ranar hannun bai ƙara ganin rana ba. A gida yana naɗe da farin ƙyalle, a waje yana cikin aljihu. Ita Keziah sau ɗaya ta gan shi, a asibiti, shi ma cikin bandeji, wata nas ce ta gaya mata yatsu biyu ne suka tafi. Ita da kanta ta zurfafa masa aljihunan wandunansa, ta ƙara wa rigunansa tsawon hannu, tana ganin taimako take yi.

Yanzu kuma ya ce zai tafi Legas gadi. Wani abokin aikinsa na da ya samo masa gidan da zai tsare, motar ranar Asabar ta sama ce, saura kwana tara. Bai faɗi dalili ba, amma garin nan kowa ya san bikin Uhola na ƙaratowa, kuma Markus ba zai iya tsayawa bakin filin kokawa ana nuna shi da baki ba. Keziah ta yi magana har ta gaji. Fasto ya yi, mahaifiyarsa ta taso tun daga Kanya ta yi, 'yarsu Glory ta yi kuka. Kowa ya gama sai ya ce to, ya ci gaba da goge takalmansa. Tsoro take ji sosai, don ta san mazan da ke tafiya gadi saboda kunya, ba kasafai suke tuna hanyar gida ba.

Da Markus ya wuce, ta sauko daga bencin, maimakon ta koma shagonta sai ta tsaya kallo. Keziah mace ce mai son sanin yadda abu ke aiki. Keken ɗinkinta ma ta taɓa kwance shi gaba ɗaya, ba don ya lalace ba, don kawai ta ga abin da ke jan zaren ƙasa. Ta tambayi Ugonna wa ke motsa mutanen nan. Ya nuna mata wani abu mai ƙaho biyu a hannun samarin, wanda waya ta haɗa da na'urar da ke ƙarƙashin talabijin, ya ce fad ake ce masa. Babban yatsan hagu shi ke tafiyar da mutum gaba da baya, ya sa shi tsalle ko ya durƙusa. Na dama shi ke naushi da shuri. Manunan biyu kuma suna sama, suna jiran nasu maɓallan. Ta tambaya ko tsohon nan yana gajiya, tunda ta ga tun ɗazu ake jibgarsa. Ya ce ba ya gajiya. Ta tambaya ko ya san an kayar da shi ɗazu. Samarin suka kwashe da dariya, ita ko a jikinta, matambayi ba ya ɓata.

Sai ta tambayi abin da ya tsayar da ita. Me ya sa Saje ba ya shigowa?

Ugonna ya shafa ƙeya. Shekararsa goma sha ɗaya a Zuru, Hausa ta zauna a bakinsa, ya kuma koyi inda ake taka magana a hankali. Ya ce kusan kullum Saje na tsayawa a wurin nan da la'asar. Sau ɗaya ya fita ya miƙa masa fad ya ce ya gwada, kyauta. Saje ya karɓa da hannun dama, ya juya shi, ya dubi yadda samarin ke riƙe nasu, ya mayar masa.

“Mi ya ce?” in ji Keziah.

“Ya ce wanga abu na masu manyan yatsu biyu ne, Maman Glory. Daga nan ban ƙara yi masa tayi ba.”

Kwana biyu ta yi tana ɗinka labulen, maganar na yi mata yawo a kai. Ita a sana'arta ba a cewa mutum bai dace da riga ba, rigar ce ba a yanka daidai ba. Ta ɗinka wa mai ƙusumbi, ta ɗinka wa mai kafaɗa ɗaya sama, kowa ya fita yana taƙama. To wa ya ce abin wasan nan yanka ɗaya ne a duniya? Ba ta yaudari kanta cewa wasan samari zai hana mutum tafiya Legas ba. Abin da ta sani kawai shi ne, a cikin wata bakwai wannan ne abu ɗaya da ya sa kafaɗarsa ta motsa, ba ta kuma da wani abin kamawa.

Ranar da ta kai labulen, bayan sun rataya shi ɗakin ya yi duhu hoto ya fito tangaram, sai ta ciro wani guntun atamfa daga jakarta. Ta lanƙwashe babban yatsanta na hagu da manuni cikin tafi, ta naɗe su tam, ta ja ƙullin da haƙora. Sannan ta ce wa Ugonna ya fito mata da duk irin fad ɗin da yake da shi. Mai kayan ba ya nan, ita za ta gwada a madadinsa, kamar yadda take sa Glory ta gwada rigar yarinyar da suke tsawo ɗaya. Dariyar da samarin suka fara sai ta mutu a hanya, don duk sun gane hannun wa take kwaikwayo.

Justice ne ya matsa mata a benci. Shi ɗan kabu-kabu ne, gwanin shagon, mutumin da ke ajiye babur da fasinja na jira don ya rama kayen da aka yi masa. Ya ce zai zama abokin karawarta, kuma ba zai ji tausayinta ba, tunda shi ma Saje ba zai so a ji tausayinsa ba. Maganar ta yi wa Keziah daɗi, ta ce Allah ya yi masa albarka, ya zauna.

Na farkon da aka ba ta baƙi ne mai nauyi, wanda ya zo tare da na'urar. Ugonna na ji da shi kamar ɗan fari. Maɓallansa na da laushi, yana kuma zama a hannu daram, amma fa ga mai yatsu goma. Da ta riƙe shi da yatsu ukun da suka rage, babu wanda zai hau sama ya latsa, in kuma ta hau da na tsakiya sai fad ɗin ya zame ya faɗa cinyarta. A cikin mutanen talabijin ɗin ta zaɓi wata yarinya mai dogayen ƙafafu, yarinyar ta tsaya wuri ɗaya tana shurin iska har Justice ya zo ya gama da ita. Sau huɗu. Keziah ta ajiye shi ta ce mai kyau ne, amma ba nasu ba ne.

Na biyun kuwa ɗan kwalliya ne. Jikinsa garau kamar kwalba, ana ganin wayoyin cikinsa, yana da fitilu ja da kore, in an doke ka sai ya yi ta karkarwa a hannu. Wannan karkarwar ta ɗauke mata hankali har ta manta da faɗan. Ta kanga shi da hasken ƙofa ta gano wani ɗan ƙarfe mai nauyi gefe ɗaya yana juyawa a cikin kowane ƙaho, ta ce ashe dai ba aljani ba ne, rashin daidaito ne kawai, irin na fankar da fiffikenta ɗaya ya lanƙwashe. Ugonna ya ce ba wannan ne abin mamakin ba. Ya nuna mata wani ɗan maɓalli a tsakiya, in an kunna shi, ka danna naushi sau ɗaya ka riƙe, mutuminka zai yi ta zuba naushi ba tsayawa. Ya ce wannan zai rage wa Saje wahala. Ta gwada, yarinyar ta haukace da shuri kamar mai korar kare, har ta ci rabin jinin mutumin Justice, wato layin ƙarfinsa da ke saman talabijin, ba tare da Keziah ta yi komai ba. Ta kashe maɓallin. Ta ce mutumin da ya yi kokawa a gaban gari, in aka ba shi abin da ke yi masa faɗa yana zaune, zai ajiye shi ya fita, kuma ba zai ƙara bin hanyar nan ba.

Washegari ta dawo, ta bar ɗinkin mutane a kan keke. Matar da ta zo karɓar zanen coci aka ce mata tana shagon gem, ta ɗauka tsokana ce har sai da ta leƙa da idonta. Gani ya kori ji. Kafin azahar labari ya kai layin masu tumatir cewa matar Saje ta shiga wasan yara.

Ugonna ya kwana da tunani, ya zo da dabara. Ya ce a ɗora baƙin fad ɗin a kan cinya, a yi komai da hannun dama kaɗai, babban yatsa na tafiyar da mutum, sauran na miƙewa su latsa naushi. Hannun hagu sai ya zauna abinsa a aljihu, ba mai ganinsa. Nan take zuciyar Keziah ta karkata. Har ta fara zana wata 'yar jaka a ranta, mai maɗauri a cinya, wadda za ta riƙe fad ɗin kada ya zame. Ta cusa hannun hagu ƙarƙashin zane ta gwada. In yarinyar na tafiya ba ta iya duka, in tana duka ba ta iya tafiya, don tafin mutum bai kai faɗin abin ba. Amma ba wannan ne ya sa ta daina ba. Ta dubi kanta ne zaune a karkace, kafaɗa ɗaya a sama, hannu a ɓoye, sak yadda Markus ke zama a coci. Kunya ta kama ta. Aljihu nawa ta riga ta zurfafa masa, ga shi tana shirin ɗinka masa wani.

Ta ce wa Ugonna ko shi ke nan abin da yake da shi. Ya ce shi ke nan. Ita kuwa idonta ya riga ya sauka kan wani akwatin katako da aka ɗora fanka a kai, a lungu. Tun jiya take ganin wata 'yar sanda mai jan ƙwallo a ka tana leƙowa daga bayan ƙafar fankar, tana so ta tambaya tana mantawa.

Ugonna ya yi dariya ya ce wannan tsohon yayi ne. Gaban wata babbar na'ura ce irin ta tsaye, wadda ya sayo a Anaca tun farkon zuwansa, gilashinta ya fashe a hanya. Wani ɗan'uwansa mai gyaran rediyo ya yanke gaban, ya haɗa masa waya don ya yi aiki da sabuwar na'urar, amma samarin suka ƙi shi. Sun ce nauyi, sun ce ƙara, sun ce sai ka ce mutum na tuƙa tirela. Keziah ta ce a sauke fankar.

Aka goge shi aka ɗora mata a kan ɗan tebur. Faɗinsa ya kai na faifan tuwo biyu. A hagu sandar nan, a dama manyan maɓallai shida, kowanne kamar murfin kwalba, jere biyu. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta taɓa. Sannan ta kifa hannun a sama, ta saƙala sandar tsakanin yatsan tsakiya da na kusa da shi, ƙwallon ya zauna mata a tafi. Ta tura gaba, sandar ta ce ƙas, yarinyar ta yi tsalle. Ta ja baya, ƙas, ta durƙusa. Ba a riƙe akwatin, shi ke riƙe kansa, don haka ba ruwansa da babban yatsa. Wuyan hannu ne ke tuƙi, kamar yadda ake juya muciya.

Justice ya kayar da ita duk da haka, amma wannan karon sai da ya gyara zama. A karo na shida ta yi wani abu da ba ta san yadda ta yi ba, ta zagaya sandar ƙasa zuwa gaba ta danna, yarinyar ta juya a sama ta sauke masa dunduniya a ka. Ɗakin ya ɗauki ihu. Keziah ta ƙi ci gaba sai an gaya mata me ta yi, aka tsaya ana nuna mata, ta maimaita sau ashirin har ya zauna. Abu ɗaya ta lura da shi wanda bai yi mata daɗi ba, ko da yake ta san shi ne gaskiyar lamarin. Mai wasa da akwatin nan hannun hagunsa na kan tebur, a fili, duk wanda ke ɗakin na kallonsa. Ta ce wa Ugonna wannan ta zaɓa, kada a mayar da fanka a kai.

Zaɓe ya ƙare, saura mai kaya. Nan ne wayonta ya ƙare. Ta shirya maganar a gida sau uku, duk lokacin da ta buɗe baki sai ta tarar yana ninke riga cikin jakar tafiya, ta haɗiye. Abin da ya ƙara ɗaure mata kai, ya daina fita da la'asar ɗin nan da walwala, in ya fita ma ba ya daɗewa sai ya dawo fuska a murtuke. Ta ɗauka labarinta ne ya kai masa, tana jira ya yi faɗa, bai yi ba. Kwanaki suka yi ta zubewa. Ita kuma ta ci gaba da zuwa shagon, tana ce wa kanta gwaji take ƙarawa, alhali Allah ya sani akwai wani jifa da ƙaton nan ke yi wanda ta ƙudura sai ta gano yadda ake kauce masa.

Ranar Juma'a, ana gobe tafiya, tana tsakiyar karawa da Justice sai hasken ƙofa ya ragu. Surutun ɗakin ya yanke kamar an ɗauke wuta. Ba ta waiwaya ba ta san ko wane ne, ta san tsawon inuwar. A lokacin ne ta gane abin da ta yi. Labulen da ta ɗinka da hannunta, mai kauri, ninki biyu, shi ya rufe tagar da yake kallo ta ciki. Kusan mako guda bawan Allah na zuwa jikin dalbejiya yana tarar da baƙin ƙyalle, yana jin ihu ba ya ganin komai. Yau da ya ga gobe zai tafi, sai ya zagayo ta ƙofa don ya yi kallon ƙarshe, ya tarar da matarsa da yatsu biyu a ɗaure.

Ta san yadda abin zai yi kama a idonsa, mace na kwaikwayon nakasar mijinta a gaban samari. Ta so ta tashi, ta so ta ɓoye hannun, amma faɗan bai ƙare ba, ƙaton Justice na ta matso ta, hannunta kuma ya ƙi sakin sandar. Ta ruga da yarinyar gaba, ya cafke ta ya maka da ƙasa. Ta tashi ta sake rugawa.

“Daina bin shi,” in ji Markus daga bakin ƙofa. Muryarsa a ƙasa take. “Shi ke da nauyi. Bari shi ya zo.”

Ta tsaya. Ƙaton ya yi jim, ya matso, ya matso, ya miƙo hannu.

“Yanzu.”

Ta durƙusa ta share masa ƙafa, ya zube. Ba wanda ya yi ihu. Justice ya ajiye fad ɗinsa a hankali a kan benci.

Markus ya shigo. Ya tsaya a kanta yana kallon hannun da ke kan sandar, atamfar da ta jiƙe da zufa, yatsan tsakiya da ya naɗe jan ƙwallon. Ya daɗe yana kallo. Keziah ta kasa karanta fuskarsa, ita da ke karanta ta ko daga ƙeya.

“Wa ya auna miki wanga?”

“Ba ka ba ni na auna ba, Baban Glory. Da ido na yi.”

“Ke da ba ki yanka da kwatance.”

Sai ya zare hannun daga aljihu. Ya kama bakin farin ƙyallen da hannun dama ya fara warwarewa, zagaye bayan zagaye, bai yi sauri ba bai kuma dubi kowa ba. Ya ninke ƙyallen ya sa a aljihun riga. Ya ɗora hannun a kan akwatin, kusa da nata.

Samarin suka sunkuyar da kai, sannan ɗaya bayan ɗaya suka ɗago, don ido ba ya jin magana. Keziah ta yi zaton ranar da ta ga hannun nan kuka za ta yi. Sai ta tarar kallo take yi, irin kallon da take yi wa kafaɗar wanda ya kawo ɗinki. Tabon ya warke sumul, yana sheƙi. Tafin ya fi yadda take tunawa faɗi. Yatsan tsakiya kuwa, wanda ta gina duk gwajinta a kansa, a miƙe yake kamar kara. Ya gwada lanƙwasa shi don ta gani, bai motsa ba. Wata bakwai suna kwana ɗaki ɗaya ba ta san wannan ba, abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Ta zare tef daga wuya. Ta kama hannun ta juya, ta auna faɗin tafin, ta auna daga wuyan hannu zuwa gindin yatsu, ta sa shi ya matse 'yan biyun da ke aiki ta ga iyakarsu. Shi kuma ya tsaya cak kamar kowane mai kawo ɗinki, har da ɗaga gwiwar hannu da ta ce ya ɗaga. Da ta gama ta matsa masa a benci.

Markus ya zaɓi ƙaton nan mai jifa, ba wanda ya yi mamaki. Tunda ba zai iya saƙala sandar ba, sai ya kifa tafin a kan ƙwallon yana turawa da dunduniyar hannu. Justice ya cika alkawari, bai ji tausayinsa ba. Ya kayar da shi sau uku a jere, na farko ma ko taɓa shi Markus bai yi ba. A na uku sai da aka kai ƙarshen jini, don Saje na ganin hari tun kafin ya taso, hannun ne kawai ke zamewa daga ƙwallon a daidai lokacin da ake bukatarsa. Ya yi tsaki mai ƙarfi. Ya ce sandar ta yi tsawo, wuyan hannunsa na rataye a sama, ƙwallon kuma ƙarami ne, na yara ne. Da za a rage ƙarfen a sa masa kan giyar mota, irin na tsohuwar a-kori-kura, da Justice ya gane kurensa. Justice ya ce baki dai ba ya kayar da mutum.

Ugonna ya ce wannan aikin Kefas ne mai walda, shi ke da zarto da irin waɗannan tarkacen. Sai ya saci kallon Keziah, don shi ma ya san zancen motar Asabar kamar kowa. Ya ce sai dai Kefas ya tafi Dirin Daji haɗa ƙofofin wata makaranta, ba zai dawo ba sai Litinin.

Markus ya dubi sandar. Ya juya tafinsa a kan ƙwallon, hagu, dama, sandar na cewa ƙas, ƙas. Keziah ta kafa ido a kan wayar da ke ƙasa.

“Ka ce mai ya rage kamar faɗin yatsa biyu,” in ji shi. “Kada ya wuce haka. Litinin in zo in gwada, in bai yi ba ya sake.”

Ya juya ya ce wa Justice ya ɗauki fad ɗinsa, ba a gama ba.

Keziah ta sunkuya tana cizon ƙullin atamfar, don kada samarin su ga idonta. Daɗi ne ya cika mata ƙirji har yana yi mata nauyi. Zufa ta sa ƙullin ya ƙanƙance, ta ja, ta ja, ya ƙi. Markus ya saki sandar, ya miƙo hannun hagu, ya sa 'yan yatsun nan biyu ya kama bakin ƙyallen, ya ce ta riƙe ɗaya gefen. Suka ja tare, ya kwance.